Ƙuri'a Takwas a Hannu Ɗaya: Yadda Sudan Ta Riƙa Zaɓen 'Yan Majalisarta

 Ko kuna gida, ko kuna shago, ko kuna kan hanya, ku ɗan matso kusa da rediyo. Yau shirin ya yi gabas. Za mu sauka a Sudan, a biranen Khartoum da Omdurman, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Tambayar da ke gabanmu guda ce. Ƙasar da mutanenta ba harshe ɗaya suke yi ba, yaya take zaɓen 'yan majalisarta?

Kafin yaƙin 2023 da ya ɗaiɗaita biranen, wanda ya shiga kasuwar Suk Libya a yammacin Omdurman kunnensa zai sha harsuna. Ciniki da Larabci ake yi. Amma mai shayi tana yi wa 'yarta magana da harshen Fur. Direban da ya taso daga gabas yana waya da harshen Beja. Masu dako suna hira da ɗaya daga harsunan duwatsun Nuba. Can a gefe kuma mai agashe yana juya nama a kan wuta, yana yi wa yaronsa faɗa da Hausa tsantsa. Ƙidayar 1956 ta lissafa harsuna sama da 100 a Sudan, kuma ta nuna cewa kusan rabin jama'a ne kawai suke magana da Larabci a cikin gidajensu. Rabi ne fa. Sauran rabin, kowa da nasa. Ku riƙe wannan, domin duk abin da za ku ji a kansa ya tsaya.

Kashi na farko, yadda aka fara.

A ƙarshen 1953 aka yi zaɓen majalisa na farko a Sudan. Lokacin ƙasar tana hannun Birtaniya da Masar, kuma kowannensu yana zargin ɗan'uwansa da shirin maguɗi. Sai aka kafa hukumar zaɓe ta haɗin gwiwa mai mutum bakwai: 'yan Sudan uku, Bature ɗan Birtaniya, ɗan Masar, ɗan Amurka, da shugaba daga Indiya, Sukumar Sen. Ba a banza aka ɗauko shi ba. Bai jima da kammala zaɓen farko na Indiya ba, wanda aka yi a 1951 zuwa 1952, a ƙasa mai harsuna barkatai da miliyoyin mutanen da ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Dabarar da aka yi amfani da ita mai sauƙi ce. Kowane ɗan takara aka ba shi alama, wato hoton wani abu da kowa ya sani. A garuruwa, mai zaɓe yana yin shaida a takarda kusa da alamar gwaninsa. A karkara da yawa ko takardar ma babu. Akan miƙa wa mutum ɗan kati, ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya tarar da akwatuna a jere, kowanne da alamar ɗan takara a jikinsa, ya jefa katin a wanda yake so. Ba karatu, ba rubutu, ba tafinta. A wasu mazaɓun kuma, galibi a kudu da yankuna masu nisa, jama'a wakilai suka fara zaɓa, su kuma wakilan suka zaɓi ɗan majalisa.

Kujeru 97 aka yi takara a kansu. Jam'iyyar Isma'il al-Azhari ta ci 51, jam'iyyar Umma ta zo ta biyu. Azhari ya zama firaminista a Janairun 1954. Wannan majalisa ce ta ayyana 'yancin Sudan a Disambar 1955, aka ɗaga tuta ranar 1 ga Janairun 1956.

To, masu sauraro, alama ta warware matsala ɗaya. Ta nuna wa mutum inda zai jefa ƙuri'arsa. Amma alama ba ta faɗa masa abin da ɗan takara zai yi in ya ci. Ba ta faɗa masa wace doka za a kawo a kan ƙasar noma, ko haraji, ko makaranta. Wannan bayanin da Larabci yake zuwa, a jaridun Khartoum da gidan rediyon Omdurman, wanda ya fara aiki tun 1940. Wanda ba ya jin Larabci sosai, sai abin da aka kawo masa. Mai kawowa kuwa shehin ɗariƙa ne, ko mai unguwa, ko ɗan boko ɗaya tilo da ke ƙauyen. Manyan jam'iyyun biyu ma a kan ɗariƙu suka jingina: Umma a kan Ansaru mabiya gidan Mahadi, masu neman haɗewa da Masar kuma a kan Khatmiyya ta gidan Mirgani. 'Yan Sudan suna da abin da suke kira ishara, wato umarnin da ke fitowa daga babban shehi cewa ga wanda za a zaɓa. Mutane da dama da ishara suka yi zaɓe, ba da manufar jam'iyya ba.

Mu shiga kashi na biyu. Wa ke da ikon jefa ƙuri'a tun farko? A nan ne zancen ya taɓa Hausawa kai tsaye.

Zaɓe ba ranar zaɓe yake farawa ba. Daga rajista yake farawa, rajista kuma ta ɗan ƙasa ce. A Sudan takardar shaidar zama ɗan ƙasa ana ce mata jinsiyya. In babu ita, ko babu wanda zai tsaya wa mutum, sunansa ba zai shiga littafin masu zaɓe ba.

Hausawa da Fulani da Barebari sun daɗe a Sudan. Hanyar aikin hajji ce ta fara kai su, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Wasu sun yi zango sun yi noma don su sami guzuri, zangon ya zama gida. Wasu sun yi yaƙi a rundunar Mahadi. Sai babban ayarin da ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, hannun waɗannan mutane ya yi aiki a cikinsu ƙwarai. A Sudan duka ana haɗa su a kira su Fallata.

Yanzu ku saurari abin da doka ta ce. Dokar 1948 ta zamanin Turawa, da ta 1957 bayan 'yanci, sun ɗauki ranar 31 ga Disambar 1897 a matsayin ma'auni. Ɗan ƙasa na asali shi ne wanda kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun wannan rana. Ku haɗa lissafin da kanku. Ma'auni 1897, Burmi 1903. Shekara shida ce ta raba. Mutumin da aka haifa a Mai Wurno, aka haifi ubansa a can, yana iya zuwa ofis a ce masa baƙo ne. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa 1 ga Janairun 1956. Amma abin da ke takarda daban, abin da ke bakin taga daban. Akan tambayi mai nema ƙabilarsa, a ce ya kawo shaidu daga dangin uba. Wanda lafazinsa ko sunan kakansa ya nuna daga yamma yake, tambayoyinsa sun fi na kowa yawa.

Wannan miki bai warke ba. A 2008, ana shirin zaɓe, wata jaridar Khartoum ta danganta wa Shugaba Umar al-Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Gwamnati ta musanta. Duk da haka Hausawa sun fito zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas, domin sun san abin da irin wannan magana take nufi a bakin teburin rajista. Wanda aka hana rajista, ba a buƙatar a sace ƙuri'arsa. Ba ta taɓa shiga akwati ba balle a sace.

Kashi na uku, yadda ƙuri'a take zama kujera.

Tsarin da Sudan ta gada daga Turawan Ingila shi ne wanda 'yan Najeriya suka sani. A raba ƙasa gida-gida, kowane gida a kira shi mazaɓa. Kowace mazaɓa kujera ɗaya. Wanda ya fi kowa ƙuri'a ya ɗauke, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi. Wannan tsari yana yi wa al'ummar da ke dunƙule wuri guda daɗi. A zaɓen 1965, ƙungiyar Beja ta gabashin Sudan ta ci kujeru 10, domin Beja su ne masu rinjaye a mazaɓunsu. Mutanen duwatsun Nuba su ma sun tura nasu.

Al'ummar da ke warwatse kuwa wahala take sha. Hausawan Sudan suna Shuɗin Nilu, suna Sennar, suna Jazira, suna Gadarif da Kassala, suna unguwannin Khartoum da Omdurman. In an tara su, jama'a ce mai yawa. In an raba su mazaɓa-mazaɓa, kusan ko'ina tsiraru ne. Ƙuri'arsu tana iya ɗaga wani ta kayar da wani, amma da wuya ta kai nasu majalisa. Jamhuriyar Nijar ta hango irin wannan matsala, shi ya sa ta ware mazaɓu na musamman guda 8, irin su Bilma da Tasara, domin ƙananan al'ummomi su sami murya. Sudan ba ta yi haka ba.

Abin da Sudan ta ware shi ne kujerun masu ilimin boko. A 1953 aka fara su, guda 5 a lokacin. Wanda ya kai wani matsayi a karatu yana jefa ƙuri'a biyu, ɗaya a mazaɓarsa, ɗaya a ta masu ilimi. Ta wannan ƙofa Fatima Ahmad Ibrahim ta shiga majalisa a 1965, mace ta farko a tarihin ƙasar, a shekarar da aka buɗe wa mata duka ƙofar zaɓe. Wannan abin a yaba ne. Amma ku dubi ɗaya gefen. Makaranta da Larabci da Turanci ake yin ta. Ɗan Khartoum da ya yi karatu yana da ƙuri'a biyu. Makiyayin da ke magana da harshen Dinka ko Fulatanci yana da ɗaya. A 1986 kujerun nan sun kai 28 cikin 301, kuma jam'iyyar Hasan al-Turabi ta kwashe 23 daga ciki, ta zama ta uku a majalisa.

Zaɓen 1986 ɗin nan yana da labarai biyu da mutanen Khartoum ba su manta ba. Shi kansa Turabi ya faɗi a mazaɓarsa ta Sahafa, domin sauran jam'iyyu sun haɗa kai sun mara wa mutum ɗaya baya. Sannan a Haj Yusuf, unguwar da 'yan ci-rani daga duwatsun Nuba da kudu suka cika, wani limamin coci ɗan Nuba, Philip Abbas Gabbush, ya ci kujera a cikin babban birnin ƙasar. Mutanen da ake gani 'yan aikatau ne da leburori, da suka taru wuri guda suka yi rajista, sai ga nasu a majalisa. A wannan zaɓe kuma mazaɓu kusan 40 na kudu ba su yi zaɓe ba saboda yaƙi. Haka aka yi a 1965. Majalisa ta zauna, kujerun masu wasu harsunan babu kowa a kai.

Masu sauraro, in yanzu kuka kunna rediyo, muna magana ne a kan yadda Sudan mai harsuna da yawa ta riƙa zaɓen 'yan majalisa. Ga kashi na huɗu, ranar zaɓe kanta. Za mu ɗauki ta Afrilun 2010.

Bayan yarjejeniyar sulhu ta 2005 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen kudu, aka yi sabuwar dokar zaɓe a 2008. Majalisar ƙasa ta zama mai kujeru 450, aka kasa su uku. Kujeru 270 na mazaɓu ne, irin waɗanda muka bayyana. Kujeru 112 na mata ne zalla. Sauran 68 na jerin jam'iyyu ne. Mene ne jeri? Jam'iyya ce take rubuta sunayen mutanenta daga na ɗaya zuwa ƙasa, mai zaɓe kuma jam'iyyar yake zaɓa, ba mutum ba. Ga misali. A ce wata jiha tana da kujerun mata 10. Jam'iyyar da ta sami kashi 60 cikin ɗari za ta ɗauki 6, sai a ɗebo mata shida na saman jerinta. Mai kashi 30 ta ɗauki 3. Amma jam'iyyar da ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba, ba ta shiga rabo. Amfanin jeri shi ne ƙuri'ar mutanen da ke warwatse a cikin jiha tana haɗuwa wuri guda, ba ta zuba a ƙasa.

Hukumar zaɓe kuma aka damƙa ta ga Abel Alier, dattijo ɗan kudu, tsohon mataimakin shugaban ƙasa. Mutum kusan miliyan 16 suka yi rajista.

Yanzu mu bi wata dattijuwa Bahausa daga unguwar Umbadda a Omdurman zuwa rumfar zaɓe. Rabon Sudan da zaɓen jam'iyyu da yawa shekara 24, tun 1986. Duk wanda bai kai shekara 42 ba bai taɓa jefa ƙuri'a a irinsa ba. Ta zo makarantar unguwa, ta shiga layin mata. Aka nemi sunanta a littafi. In ba ta da katin shaida, akwai arif, wato mutumin unguwa da aka ajiye don ya shaida cewa ya san ta. Aka sa mata tawada a yatsa don kada ta sake dawowa. Sai aka fara miƙo takardu. Ta shugaban ƙasa. Ta gwamnan jiha. Uku na majalisar ƙasa: mazaɓa, jerin mata, jerin jam'iyya. Uku kuma na majalisar jiha. Takwas ke nan. Takarda takwas, a hannun matar da ba ta karanta Larabci. 'Yar'uwarta ta Juba kuwa 12 aka ba ta, domin kudu tana da nata shugaban da tata majalisar.

Me za ta kama? Alama. Itace na jam'iyya mai mulki. Tauraro na jam'iyyar SPLM ta 'yan kudu. Sanda ta jam'iyyar gidan Mirgani. Rana ta jam'iyyar Turabi. A kowace takarda sai ta bi jere da ido har ta ga alamar da ta zo da ita a ka. In ta rikice, doka ta yarda a taimaka mata. Amma da zarar wani ya tsaya a kanta yana nuna mata, sirrin ƙuri'a ya tafi, kuma masu sa ido sun koka da haka.

Kuma ita alamar ma sai an buga ta daidai. A ranar farko an sami mazaɓun da aka musanya alamomin 'yan takara, da waɗanda aka kai musu takardun wata mazaɓa, da mutanen da suka nemi sunansu suka rasa. Mai karatu zai iya duba suna ya gane an yi kuskure. Marar karatu ba shi da wannan dama. Zai zaɓi alamar da ya sani, ƙuri'ar ta tafi ga wani. Saboda wannan ruɗani aka ƙara kwana biyu, zaɓen ya kama daga 11 zuwa 15 ga Afrilu. Jam'iyyar Umma ta Sadik al-Mahadi ta ƙaurace, SPLM ta janye ɗan takararta na shugaban ƙasa, Yasir Arman. Jam'iyyar Bashir ta tashi da kujeru sama da 320, SPLM ta sami 99. Cibiyar Carter da tawagar Tarayyar Turai duka sun ce zaɓen bai kai ma'aunin duniya ba.

Wata tara bayan haka, a Janairun 2011, 'yan kudu suka yi ƙuri'ar raba gardama. Takardar hoto biyu ce kawai. Hannu biyu a haɗe, zama tare. Tafin hannu ɗaya a buɗe, rabuwa. Sama da kashi 98 cikin ɗari suka zaɓi hannu ɗaya.

Kashi na biyar gajere ne. Ɗan majalisa ya ci, ya iso ginin majalisa a Omdurman, wanda ƙasar Romaniya ta gina a shekarun 1970 a bakin Farin Nilu. Da wane harshe zai yi magana? Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya yi magana mai daɗi a sashe na 8. Ya ce duk harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne, a mutunta su, a raya su. Ya ba majalisun jihohi dama su ƙara wani harshe a aikinsu. Amma aikin gwamnatin tarayya da Larabci da Turanci ya ce a yi. Don haka tun wajen tsayar da ɗan takara ake tacewa, sai wanda bakinsa ya faɗa da Larabci. 'Yan Najeriya ba za su yi mamaki ba. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar tarayya za ta yi aiki da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadin da ya dace. Har yau da Turanci ake muhawara a Abuja.

Kuma sau uku soja suna rufe majalisar da aka zaɓa: Ibrahim Abbud a 1958, Ja'afar Numeiri a 1969, Umar al-Bashir a 1989.

To ina aka kwana? Zaɓen ƙarshe shi ne na Afrilun 2015, mai kujeru 426, wanda manyan 'yan adawa suka ƙaurace wa. Majalisar da ya haifar an rushe ta a Afrilun 2019, ranar da aka tumɓuke Bashir. Majalisar riƙon ƙwarya da aka yi alkawari ba ta taɓa zama ba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, bayan Hausawa sun nemi a ba su tasu masarauta a tsarin mulkin gargajiya. An kashe mutane da yawa, dubbai sun bar gidajensu, Hausawa suka cika titunan Khartoum da wasu birane suna neman a bi musu haƙƙi. Ba su da zauren majalisar da za su kai kuka. Sai yaƙin 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF, wanda ya raba mutum sama da miliyan 10 da muhallinsu.

Duk ranar da Allah ya kawo zaman lafiya aka ce za a yi zaɓe, hukumar da za ta shirya shi za ta tarar da ƙidayar da aka yi tun 2008, kafin rabuwar kudu. Da ita aka yanka mazaɓun zaɓen ƙarshe. Za ta tarar da mutanen Umbadda da Haj Yusuf a Port Sudan, da Kassala, da Masar, da sansanonin Chadi, da yawansu sun gudo ba su ɗauko ko takarda ɗaya ba. Arif ɗin da zai ce ya san su, shi ma yana wani gari.

A nan shirin namu na yau ya tsaya.